Gashin Doki da Furen Kariya

Tun ranar da motar Babura ta tsaya a bakin garkata ana loda tukwane na san za ku zo, ga ku kuwa. Har na ji ɗayanku yana raɗa wa na kusa da shi cewa aikin Malam Habu ba wani aiki ba ne: ka cika leda da ƙasa, ka jefa iri, ka zuba ruwa, ka koma inuwa ka jira masu kuɗi. To ku gyara zama. Kai mai jar hula, ɗan matso gaba, kada ka jingina da waccan babbar kariyar, ruwan jikinta dafi ne. Bari in faɗa muku yadda na shiga wannan sana'a da abin da na gani a cikinta. In na gama kuna so har yanzu, sai mu yi magana.

Kariya dai kun san ta, ba baƙuwa ba ce. Ita ce mai jan furen nan da ke fitowa da rani, lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. A garuruwanmu reshe ake sara a soke a gindin danga, ya kama, ya miƙe siriri kamar sanda. Wannan kowa ya iya. Amma wadda kuke gani a tukwanen nan, mai gindi kamar tulu, wadda mutanen birni ke tahowa nema, reshe ba ya ba da ita. Sai iri. Irin kuwa, da yawa a ƙasar nan sun tsufa ba su taɓa sa shi a ido ba.

Wanda ya koya mini, Baba Nomau ake ce masa, maharbin ƙauyenmu ne nan kusa da Dantchiao. Lokacin da na san shi ya riga ya rataye baka, don barewa da gada sun ƙare a dajinmu. Ya koma ya yi garka a cikin kwari, yana noman albasa da tumatir da yalo. Ni kuma ina sabon aure, ba ni da aikin rani, sai na shiga ja masa ruwa a rijiya. A ƙarshen garkar akwai wasu kariya uku manya-manya da ya kewaye da ƙaya, kuma ya fi kula da su a kan albasar da ke ciyar da shi. Na daɗe ina mamaki, rannan dai na tambaye shi.

Ya ce, "Waɗannan daga dawa na ɗauko su a amalanke. Da ruwansu nake haɗa dafin kibiya tun ina yaro. Sun ciyar da ni a can. Yanzu gatari yana bin dawa, shi ya sa na kawo su inda zan sa musu ido."

Aikin farko da ya ba ni a kan kariya, ba a garka ya ba ni shi ba. Wata bazara muka hau jakuna da gorar ruwa da ɗan gumba, muka kwana a hanya, muka shiga wani daji tsakanin Dungas da Guci. A lokacin daji ne sosai, geza da kalgo da sabara sun haɗe, ƙasar kuma fako ce mai tsakuwa. Komai ya bushe ya yi toka-toka, kurciya ma ta yi shiru saboda zafi. Muna cikin tafiya sai ga ja ya bayyana a tsakanin itatuwa kamar an shanya sabon zane. Kariya ce jingim, wata gindinta ya fi ƙarfin in rungume shi. Baba ya ɗaga wani reshe da sandarsa, ya nuna mini kwanso biyu sun fito daga wuri ɗaya, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, sak ƙahon sa. Shi ya sa har yau ƙaho muke ce masa.

Ya miƙo mini zaren kaba ya ce in ɗaure kowane ƙaho. Na ce don me? Ya ɓare wani busasshe a tafin hannunsa. Irin ɗan siriri ne kamar guntun tsinke, da gashi fari a kai da gindi. Kafin in gama kallo iska ta kwashe su, muka bi su da ido har suka ɓace.

Ya ce, "Ka ga dalili. Ranar da ya nuna, ba ya yi wa kowa sallama. Ka naɗe shi daga gindi zuwa baki, ka bar masa wurin numfashi. In ka matse, ya ruɓe. In ka sassauta, ka dawo ka tarar da ɓawo."

Da muka koma ɗiba, waɗanda ya ɗaure duk cike suke. Nawa kuwa rabi sun yi baƙi, rabi iska ta riga mu. Sai ya sa ni ɗaurin ƙahon garka a shekara mai zuwa, yana tsaye a kaina. Yanzu da aka samu tsohon sange, wato gidan sauro, ina yanka shi in ɗinka 'yan jakunkuna in sa wa ƙahon, aikin ya yi sauƙi. Amma duk wanda zai koya a wurina, da kaba zai fara.

Sai babban aikin, wanda shi ne sana'ar gaba ɗaya. Da Baba ya kawo uwayen nan uku garka, sun yi ta fure ba ƙaho. Shi kuwa maharbi ne, ya iya zaman laɓe. Ya koma dawa ya zauna a gindin kariya da la'asar sakaliya, har ya ga wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi, mai dogon baki kamar zare, yana zura bakin a wannan fure, ya tashi ya je ya zura a furen wata bishiyar. Ƙwaron ba ya zuwa garka. Sai Baba ya tafi wajen wani mai doki ya roƙo gashin wutsiya.

Ga shi nan a cikin gwangwanin nan, ku duba. Duk kayan aikina babu wanda ya kai shi. Za ka zaɓi furen da ya buɗe jiya, ba na yau ba, ba kuma wanda ya fara yaushi ba. Ka ɗan jiƙa bakin gashin da ruwa. Na ce da ruwa, kada wanda ya kai shi bakinsa. Ka zura shi a maƙogwaron furen a hankali har ka ji ya wuce wata 'yar tsaga, sannan ka jawo. In idonka na da kyau za ka ga ɗan gari ya manne a jikinsa. Wannan garin za ka kai wa furen wata uwa daban. In ka mayar wa mai shi, ka yi aikin banza. Kariyar cikin gari ma abin da ya hana ta ƙaho ke nan, duk reshen bishiya ɗaya ne aka yi ta sara ana rabawa.

Ranar da na fara, na huda fure ya fi a ƙirga. Baba yana zaune a kan guga yana kallona.

Ya ce, "Habu, hannunka na rawa. Ka karya kumallo kuwa?"

Na ce, "Na karya, Baba."

Ya ce, "To ka riƙe numfashi kamar za ka saki kibiya. Ka saki gashin ya nemi hanyarsa, kada ka tura shi."

Na shekara biyu ina huda fure kafin ƙahon farko ya fito daga hannuna. Da Baba ya gani, ya taɓa shi da yatsa, ya ce, "To, gobe kai za ka tankaɗe yashi." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Tankaɗen yashi ma aiki ne. Ba ƙasar kwari ake shuka kariya a ciki ba, don tana riƙe ruwa. Yashin jigawa za ka ɗebo ka tankaɗe da rariya, ka haɗa da takin awaki wanda ya shekara ya huce, ka farfasa gawayi ka zuba. Irin ba a soka shi a tsaye, kwantar da shi ake yi, a yayyafa masa yashi kaɗan kamar ana barbaɗa gishiri a miya. Kuma ba ya jira. In ka ajiye shi wai sai baɗi, ka ajiye gawa. Ruwan farko da tsohon gwangwanin tumatir nake ba su, wanda na huda gindinsa da allura, don butar ban ruwa ta albasa tana tone su. Kafin mako ya zagayo za ka ga sun ɗago kai, kowane da ɗan tumbinsa kore kamar ƙwayar gero. Daga nan wahala ta fara. Kaza na son su. Gara na son tukunyar. Da damina akwai wata tsutsa kore mai kauri da ke cinye ganyen tukunya guda kafin ka dawo daga masallaci, da hannu ake tsince ta. Akwai farin ƙwaro mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, shi kuma ruwan sabulu da ganyen bedi, wato dogon yaro, nake yi masa.

Amma abin da ya fi kashe kariya shi ne tausayi. Za ka ga yashi ya bushe, rana na dukanta, zuciyarka ta ce ba ta ruwa. Kada ka ba ta. Ka latsa gindin da yatsa, in yana da tauri, ƙoshi take. Shekarun da na yi ina ja wa Baba ruwa sun koya mini zubawa, sauran shekarun duka na yi su ne ina koyon hana hannuna.

Wata Hajiya daga Magariya ta taɓa sayen wata kariya a wurina, kyakkyawa, wadda ta fara fure. Ba a daɗe ba ta dawo da ita a bayan kabu-kabu, gindin ya yi laushi kamar dafaffen dankali.

Ta ce, "Malam, mara lafiya ka sayar mini. Safe da yamma nake ba ta ruwa, har ruwan wankin shinkafa ba na zubarwa, ita nake ba."

Na ce, "Hajiya, kina da ɗan da ba ki cika damuwa da shi ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Akwai wani, ɗan miji."

Na ce, "To ga wata. Ki riƙe ta kamar shi."

Waccan ta biyun tana nan har yau, an ce ta kai tsayin taga.

Masu saye iri-iri ne. Tun Baba na da rai wani mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, ya fara saye ya dasa a ƙofar aji, daga nan ma'aikatan biro, wato ofis, suka gani suka biyo. Amma wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Alhaji Sabi'u, mai sayar da furanni a Kano. Ya zo cin kasuwar Magariya sayen wake, ya ga tukwane biyu da na ajiye a gefen albasa. Ya tsuguna ya daɗe yana shafa gindin, ya ce, "Wannan daga wace ƙasa aka kawo ta?" Na ce daga dajin Dungas. Bai yarda ba sai da ya biyo ni har garka ya ga uwayen da idonsa. Tun daga ranar duk shekara motarsa na zuwa, kuma shi ya koya mini in riƙa ɗago gindin sama kaɗan duk lokacin da na sauya tukunya, don mutanen birni tumbin suke saye kafin furen.

Akwai kuma mai sayen da ba a sayar masa. Wani ya taɓa zuwa da 'yar kwalba, ya ce ba bishiya yake so ba, ruwanta zan tsiyaya masa, wai karnuka ke damunsa. Baba ya dube shi ya ce, "Mu fure muke sayarwa." Mutumin ya ƙara kuɗi, Baba ya tashi ya buɗe masa ƙofar garka ya tsaya a gefe har ya fita. Wannan dokar na gaje ta, kuma duk wanda ya koya a hannuna zai gaje ta. Haka in ka yanka reshe, ka sa leda a hannu, ka wanke wuƙar da toka, kada ta koma gida a yanka albasa da ita.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, 'ya'yansa suka riƙe rijiya da wurin albasa, suka bar mini ƙarshen garkar da uwayen uku, don ba wanda ya san abin da zai yi da su. Na yi shekaru ina cin arzikinsu. Sai shekarar ruwa ta zo.

Ku kuna ƙanana lokacin, amma kun ji labarin gidajen da suka zube. Ruwa ya yi ta sauka ba ƙaƙƙautawa har jigawa ta ƙoshi ta fara amayarwa. Wata safiya na iso kwari na tarar babu garka, sai tabki. Kan danga kawai ake gani. Na shiga ruwa har ƙirji ina lalube da ƙafa, ina ɗora tukwane a daro ina turawa bakin gaɓa. Manyan dama an riga an saye su tun kafin damina, ƙananan da na tsamo kuma duk sun sha ruwa, cikin 'yan kwanaki suka narke. Uwayen suna cikin ƙasa, ba yadda zan yi da su sai da ruwan ya ja baya.

Da ya ja, na tone su, maƙwabta suka taya ni muka ɗora a amalanke muka kawo nan tudu inda kuke zaune. Na gasa wuƙa a wuta na shiga yanke ruɓa. Ana yankewa ne har a kai inda naman ya yi fari tas, ko ɗigon baƙi ka bari zai ci sauran. Biyu daga cikinsu na yi ta yanka har wuƙa ta fita ta ɗaya gefen, cikin ya zama kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Ta ukun rabin gindinta ya tsira. Na shafe ciwon da toka, na rataye ta a inuwar rumfa da igiya, ta yi makonni tana lilo kamar naman layya kafin in mayar da ita cikin yashi. Ita ce waccan da na hana ku jingina da ita. Ku duba gefenta, za ku ga tabon.

To ta rayu, amma uwa ɗaya ba ta ƙaho. Kuma kada ku ce in ɗauko gari daga kariyar danga. Baba ya taɓa gwadawa, 'ya'yan suka fito da fure fari-fari kamar koɗaɗɗen zane, gindin kuma ba kumari. Jar dawa daban take. Na hau moto, wato babur, na koma dajin da muka ɗaure ƙaho. Na tarar da karan gero iyakar ganina. Mai gonar ya ce ya tone kariyar ya ƙone tun shekarun baya, don yana tsoron dabbobinsa. Ban ga laifinsa ba, gona yake so. Na bi waɗanda na sayar wa. Ta lakwal an sare ta da za a gina sabon aji. Na biro sun mutu. Ta Hajiyar Magariya kuwa 'yar wannan uwar ce da ta tsira, na sa mata gashi ya ƙi kamawa. Alhaji Sabi'u ya ce shi kansa bai san gidajen da sauran suka shiga ba. Rani ya shigo, uwar da ta tsira ta fitar da 'yan furanni kaɗan, don ba ta da ƙarfi, ni kuma ina kallonsu suna buɗewa suna zubewa.

Ana nan sai wani mai kabu-kabu da ke kai mutane kasuwar Guci ya ce mini ya hango jan fure ta saman wata katanga a can, irin nawa sak. Sai na tuna wani dillalin shanu na Guci da ya taɓa sayen wata a hannuna da daɗewa, 'yar ɗaya daga cikin uwayen da suka mutu. Washegari na tsinki fure biyu, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma a cikin kwano, na tafi.

Daga waje na gan ta. Ta wuce katanga, fure kamar an zuba mata. Na yi sallama a zaure, wata dattijuwa ta fito, Inna Kulu, matar dillalin. Shi ashe ya rasu. Na faɗa mata abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Malam, bishiyar nan maigidana ya dasa ta a gindin rumbu, ni ko kallonta ba na yi. Fure kam ko kwando kake so sai in sa a tsinko maka."

Na ce, "Inna, tawa ba ta da ƙarfin ɗaukar ƙaho bana. Taku ce za ta ɗauka. Dole in shiga in yi aikin a jikinta."

Ta girgiza kai ta ce, "Wannan kuma ba zai yiwu ba. Ɗana ne maigida yanzu, yana ci-rani a Najeriya, matansa biyu suna ciki. Ya ce namiji ba ya wuce zauren nan. Ni na haife shi, amma ba zan karya masa magana ba. Ka jira ya dawo da damina."

Da damina kuwa fure ya wuce. Na yi godiya, na juyo da kwanona, furannin suka yi yaushi a hanya.

Da na iso gida matata Dije ta kawo mini ruwa, ta ga ban taɓa tuwo ba, ta tambaye ni. Ita dai tun aurenmu abinci take kawo mini garka, ba ta taɓa sa hannu a kariya ba, takan ma ce ina noman abin da ba a miya da shi. Na ba ta labari. Sai ta ce, "Fure nawa ya rage?"

Na ce, "Uku, kuma jibi za su zube."

Ta ce, "Ni ai mace ce, zan wuce zaure."

Na ce, "Dije, na shekara biyu kafin in iya wannan abu."

Ta ce, "Malam, kai ka taɓa zura zare a allura da magariba? Ba ni gashin."

Da yammacin nan ta tsaya a gindin kariyar dangarmu tana gwadawa, ina nuna mata. Ta huda na farko, ta huda na biyu. A na uku ta ce, "Na ji tsagar." Ta jawo gashin, ga gari a jiki.

Da safe muka hau moto, kwanon yana kan cinyarta. Inna Kulu ta riƙe hannunta suka shige, ni kuma na zagaya bayan katanga daidai inda rassan suka leƙo, na tsaya a rana kamar mai jiran bashi. Ina jin muryoyinsu, matan gidan sun kewaye ta suna dariya.

Na ɗaga murya na ce, "Ki nemi na jiya, wanda bakinsa ya buɗe sosai!"

Dije ta ce, "Na gani."

"Kada ki tura, ki bar shi ya..."

"Malam, ka yi shiru, kana sa hannuna rawa."

Inna Kulu ta ce, "'Yata, ƙyale shi, yi aikinki." Masu wucewa zuwa kasuwa suna ta kallona ina magana da katanga. Wani ma ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, aiki nake yi. Dije ta daɗe a ciki, don sai da ta ƙarar da garin furannin nan uku kaf, ta bi reshe-reshe, ta ɗaura jan zare a gindin duk furen da ta taɓa don kada a tsinke shi. Wannan dabarar ma ba ni na koya mata ba.

Muka dawo muka zauna jira. Ba ni da abin yi sai tankaɗen yashin da ban san ko zan shuka wani abu a ciki ba. Rannan mai kabu-kabun nan ya tsaya a bakin danga ko sauka bai yi ba, ya ce, "Inna Kulu ta ce in gaya maka, bishiyarta ta fito da ƙahoni, ko ciwo ne?" Dije ta koma ta sa musu jakunkunan sange, ta nuna wa matan gidan yadda za su gane ya nuna.

Ranar ɗiba muka tafi tare. Na yi sallama, Inna Kulu ta leƙo ta ce, "Malam Habu, sannu da zuwa. Ga tabarma nan a zaure, ka zauna. Mai sana'ar ta shigo."

Na zauna. Aka kawo mini fura na sha. Can sai ga Dije ta fito da ƙwarya rufe da faifai, ta ɗan ɗaga gefen faifan don in gani. Iri ne cike, fari sol da gashinsa, ban taɓa samun kamarsa a shekara ɗaya ba ko a zamanin Baba. Na miƙa hannu biyu zan karɓa, ta ja ƙwaryar baya ta rufe.

Ta ce, "Wannan ni zan shuka shi."

Ita kuwa ta shuka shi. Layin da ke jikin dangar gabas, ku juya ku gani, duk nata ne, kuma duk mai sayen da ya shigo garkar nan, can yake fara nuna yatsa.